Kawu Iliya da Ƙarfen Saman Murhu

Ku da kuka zauna unguwar Darrasa ta Alƙahira kun san Kawu Iliya, ƙanen mahaifiyata. In ya shigo gidanka, kafin a ƙare gaisuwa ya faɗa kicin, ya tura kai ƙarƙashin rumfar katakon nan mai zuƙe hayaƙin murhu, ya ƙwanƙwasa. In bai ji ƙarar ƙarfe a ciki ba, sai ya ce, "Katako tsirara a kan wuta? Ku ji tsoron Allah."

Karatu ya kawo shi daga Maradi, amma shimfiɗa ƙarfe cikin rumfunan nan ya zama sana'arsa, kusan ma aƙidarsa.

Ranar da muka je unguwar Abbasiya nema mini aure, shi ne wakilina. Ana tsakar magana aka neme shi aka rasa. Can sai ga shi, hula duk baƙin maiƙo. Surukina kuwa ba mutumin wasa ba ne.

"Alhaji," in ji Kawu, "yarinya tamam, tarbiyya tamam. Kicin ne dai bai da tarbiyya."

Sai surukin ya ce, "To, Malam Iliya, auren za mu fara ɗaurawa ko ƙarfen?"

"Ƙarfen. Aure ba ya kama wuta sai an tare."

Aka tuntsire da dariya, aka ba ni mata.

Shi kuwa ƙarfen rumfar gidansa? Da gwangwanayen man girki ya yi shi, ya buɗe su ya daddake. Na ce, "Haba Kawu, kai da kake sa wa mutane silba mai ƙyalli?"

"Hayaƙi ba ya karanta tambari."

Da ya faɗo daga tsani ya karya ƙugu, likita ya ce sai an sa masa ƙarfe. Duk muka damu, ban da shi.

"Mai tsatsa ko marar tsatsa?"

"Marar tsatsa, ya Hajj."

"Khalas, shi ke nan, sa. Amma ka ɗaure kusoshin da kyau, zan duba."

Bai sake hawa tsani ba. Kullum yana cewa baɗi zai koma Maradi, ga shi nan Alƙahira muka binne shi, mu da maƙwabtansa Misirawa.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya huta.