Lokacinsa Ne

Ni na koya wa tsohon nan gaisuwar, kuma har yau abin yana cin raina.

Maƙwabcina ne a unguwar Erdington, Bature, ya haura tamanin, matarsa ta daɗe da rasuwa. Duk kakar zaɓe sai ya liƙa shuɗiyar takardar jam'iyyar 'yan mazan jiya a tagarsa, kuma ba ya cire ta sai wata ta zo. Da an ambaci sauyin yanayi sai ya ɗaga sanda. A ganinsa ƙarya ce aka kitsa don a raba shi da tukunyar gas da ke ɗumama masa gida, da tsohuwar motarsa mai shan dizal. Ɗan takarar da ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ma ya ce masa duniya ta saba zafi da sanyi tun fil azal. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, mukan yi musu ta saman shinge har shayina ya huce.

Wata rana ya ji ina waya da Hajiyarmu, ya tambayi me nake ta maimaitawa. Na ce a wurinmu in an ce maka yaya sanyi ko yaya zafi, amsar ɗaya ce: lokacinsa ne. Da na fassara masa ya yi dariya har da tari, ya ce ashe Hausawa duk 'yan jam'iyyarsu ne. Daga ranar ya riƙe ta. Ko a Disambar da itacen ƙofar gidansa ya yi fure, ƙudan zuma na yawo a kai a tsakiyar hunturu, amsar da ya ba ni ke nan.

Lokacin da aka yi zafin nan da ba a taɓa gani ba, ina Manchester, gidan yayata a Cheetham Hill, wajen suna. Ta shigo ta ce, "An yi cancel ɗin jiragen ƙasa fa, wai layin dogo yana lanƙwashewa." Na leƙa waje. Rana tsaka, titi tsit, ko tantabara babu. Sai na tuna tsohon ba ya buɗe taga, kuma shi kaɗai ne a gidan. Na kira shi.

Muryarsa ta fito kamar daga cikin rijiya. Na ce, "Yaya zafi?"

Ina jin bugun agogon bangonsa. Can ya ce, "Lokacinsa ne."

Na yi dariya na ajiye waya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum a asibiti ina tambayar tsofaffi ko sun sha ruwa, amma shi ban tambaye shi ba. Da kunnen Bahaushiya na ji amsar, sai hankalina ya kwanta. Na manta cewa a wurinmu ko wanda ke kan gargara haka yake amsawa.

Bayan kwana biyu na dawo. Ciyawar layinmu duk ta ƙone. Kwalaben madara biyu da ake kawo masa duk safiya suna jere a ƙofarsa, madarar ta tsinke. Tagogi a rufe ruf, shuɗiyar takardar ta naɗe a jikin gilashi. Na buɗe da makullin da ya ba ni ajiya. A kujerarsa na same shi, da rigar sanyi a jikinsa, wayar tana kan cinyarsa, agogon yana ta bugawa.

Da la'asar na kira Hajiyarmu ina kuka, na ce maƙwabcina ya rasu. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Lokacinsa ne."