Ruwan Sanyi a Hawan Kibo

Babanmu ya kwashe shekara talatin yana tuƙa wani ɗan kasuwa mutumin kudu a Jos. Da ogan zai koma garinsu, sai ya bar masa motar, baƙa, doguwa, mai kujerun fata, ta girme ni nesa ba kusa ba. A lungunmu na Gangare ko juyawa ba ta iya yi, amma Baba ya fi kula da ita fiye da yadda yake kula da hawan jininsa.

Dokarsa ɗaya ce. In za a hau Hawan Kibo, dole a tsaya a gindin dutsen, a buɗe bonet, a bar injin ya huce rabin awa. Tsohuwa ce, in ji shi, ba a sa ta hawa da gudu. Ni kuwa wannan zama yana ƙona min rai.

Da yanar ido ta rufe masa gani, tuƙi ya dawo hannuna. Wata Asabar muna dawowa daga ta'aziyya a Akwanga, na ga hadari ya haɗo, na wuce gindin dutsen ban tsaya ba. Baba ya ji canjin giya, ya tambaya ko mun iso hawan. Na ce da saura. Ƙarya na yi masa, har yau tana cina.

Sauri ya haifi nawa. Muna tsakiyar hawan allurar zafi ta kai ja, tururi ya turnuƙe gabanmu. Na gangara gefe na tsaya. Wata mata mai sayar da dankali ta taimaka min da jarkar ruwan da ta ɗebo daga gindin dutse, mai sanyi kamar ƙanƙara. Baba yana cewa in dakata, in bar motar ta huce, ni kuma na riga na sa tsumma na buɗe murfin lagireto, tankin ruwan injin. Na juye ruwan duka. Sai na ji wani ɗan ƙara, ƙas, kamar an taka kwalba.

Motar janwe ce ta ja mu har gida. Bakaniken Baba na unguwar Dilimi ya duba, ya ja ni gefe ya ce injin ya tsage, kuma irinsa ko a bola ba a samu yanzu.

Na kasa faɗa wa Baba. Na ce masa ƙaramin gyara ne, an aika Legas a kawo kayan. Duk Juma'a in mun dawo masallaci sai ya tambaya ko sun iso, in ce suna hanya.

"To, Allah ya kawo su lafiya," haka yake cewa.

Shekara biyu muna haka har ya rasu. Bayan sadakar bakwai na zauna gaban Mama, na ce akwai abin da na ɓoye wa Baba game da motar, ya hana ni sukuni. 

"Ai ya sani," ta ce. "Tun ranar da kuka dawo ya ce min da kunnensa ya ji ta mutu. Ya ce kar in gaya maka, wai ba za ka iya ɗauka ba."