Gurun kawu da cinyata ta dama

Assalamu alaikum. Jiya wani a nan ya rubuta cewa cinyarsa na zafi kamar an zuba barkono, kuma fatar ba ta jin taɓi. Sai na ga lokaci ya yi da zan ba da labarin da na binne shekaru aru-aru, ko 'ya'yana ba su san shi ba.

Ni ɗan Kademi ne. Shekarar da naira ta shigo ina saurayi: noma da damina, kokawa da kaka.

Abin ya fara kamar tururuwa na yawo a cinyata ta dama, ta waje. Sai zafi in na daɗe ina huɗa, in na zauna ya lafa. Amma ka mintsini wurin, ba na ji. Wannan ya ɗaure min kai. Yaya wuri ɗaya zai yi zafi kuma ya mutu?

Ni kuwa ban iya kwana da tambaya ba. Na samo ƙayar aduwa ina tsikarar fatar, duk inda ban ji ba sai in ɗiga gawayi. Zane ya fito kamar tafin hannu. Da murnata na nuna wa yayana.

A wancan zamanin, fatar da ba ta jin ƙaya sunanta ɗaya: kuturta.

Ba wanda ya furta. Da magariba dai Inna ta zubo min tuwo a akushi daban, ni da tun tasowata nake cin kwano ɗaya da Baba da yayana. Wallahi akushin nan ya fi cinyar yi min ciwo.

Kawu Ɗanjuma, wanda ya koya min kokawa, ya ce, "Wace kuturta? Jifa ne, yaro. Ka kayar da ɗan kokawar garin Balan, ka zaci za su bar ka?" Ya ƙara layu a guruna, ɗamarar fatar da ya ɗaura min a ƙugu tun ina siriri, ya ja ya tamke. "Ko wanka za ka yi kar ka kwance."

Ciwo ya ƙaru. Kawu ya ƙara laya.

Baba ya sayar da akuya, muka hau mota daga Gaya zuwa asibiti a Kano. Aka yanki kati, aka kankari fatar kunnena aka kai gwaji. Likita ya sa na rufe ido, ya shafa auduga, ya tsikara allura. Da ya ga ragowar gawayin ya ce, "Wa ya zana wannan?"

"Ni ne."

"Ka yi min rabin aiki."

Ya ɗaga rigata, sai ga guru ya nutse cikin nama. Ya danna yatsa gaban ƙashin ƙuguna, zafi ya tsarga har kusa da gwiwa.

"Wata siririyar jijiya ce ke bi ta nan zuwa fatar cinya. Ka shaƙe ta. Ba kuturta ba ce."

Na ce, "To me ya sa ƙafar ba ta rasa ƙarfi ba?"

"Ita ji kawai take kaiwa."

Baba ya ce, "Ka yi haƙuri likita, ko limaminmu yaron nan bai ƙyale da tambaya ba." Da hannunsa ya kwance gurun, ya ce, "Kawunka ka bar ni da shi."

Gwajin kunne ya fito lafiya. Cinyar kuwa ta ɗauki watanni kafin ta dawo.

Ranar da muka koma gida daga asibiti, Inna ta sake kawo akushin nan don sabo. Baba ya karɓa ya juye cikin nasu, ya ce, "Matso." Na ci ina hawaye.

Alhamdulillahi. Allah ya jiƙan Baba da Inna, da Kawu da ya shaƙe ni don ƙauna.

Kai mai ciwon cinya, duba abin da ke matse maka ƙugu, bel ne ko mazagi, ka sassauta, sannan ka je asibiti. Ku kuma 'yan gida, kar ku raba wa mutum kwano kafin likita ya gan shi.