Sanyin Bayan Fijo

Tanimu Khamis Haɗeja ya rasu ranar Talata, 18 ga Maris, 2025, ana tsakiyar azumi, a rumfarsa da ke Hashimi cikin garin Suleja. Sana'arsa ita ce gyaran na'urar sanyaya mota, wadda jama'a ke kira esi. Katanga ce kawai ta raba gidana da rumfar, saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gan shi. Sauran kuwa daga bakinsa na ji, ko daga bakin 'yarsa Mansura.

Ya zo Suleja yana saurayi, lokacin da ake gina Abuja, ya fara da gyaran firji kafin ya koma kan motoci. Ma'aikatan da ke sammakon zuwa ofis su ne masu kawo masa aiki, kuma ba dukansu ke jure halinsa ba. Ba ya zuba wa mota sabon gas sai ya gano ta inda tsohon ya zurare. Yakan dama sabulu a kofi, ya ɗauki tsohon buroshin haƙori, ya bi kowace mahaɗar bututu yana shafa kumfa, yana jiran wurin da za ta kumbura. Masu gaggawa sukan ja motarsu su tafi wani wurin, shi kuwa ba ya kiransu.

Masallacin unguwarmu yana da wata tsohuwar Fijo mai dogon baya wadda aka cire wa kujerun baya. Da ita ake mayar da baƙin da suka rasu zuwa garuruwansu. Malamai sun fi son a binne mutum inda ajali ya same shi, amma akwai dangin da ba sa haƙura. Tanimu ya ɗora wa kansa kula da esin wannan mota. Da ya lura sanyin yana tsayawa a wurin direba, sai ya ja tiyo mai kauri daga gaba har zuwa baya.

Yadda yake gwada aikinsa ne ya sa mutane suke tsarguwa. Idan ya gama gyara, sai ya cire takalmi, ya shiga baya, ya miƙe a daidai inda ake shimfiɗe mamaci, ya ce wa Sha'aibu direba ya tayar da inji. Mata masu wucewa sukan kawar da kai. Sha'aibu kuwa ya mayar da abin wasa.

"Malam Tanimu, idan wurin ya yi maka, ka faɗa, mu wuce Haɗeja kawai."

"Kai dai ƙara wuta, sarkin surutu. Ƙafafuna ba su ji komai ba tukuna."

Ban san dalilin wannan al'ada ba sai shekarar da maigidana ya rasu, aka kai shi Zariya a cikin motar. Bayan na fita takaba na je yi masa godiya. A nan ya ba ni labarin mahaifiyarsa. Ta zo Suleja jinya, ta rasu cikin bazara, suka ɗauko ta a motar haya za su kai ta gida. Motar ta lalace bayan sun wuce Kaduna, rana ta buɗe a kansu, kafin la'asar jikin ya fara sauyawa. Mutanen wani ƙauye na bakin hanya suka taimaka aka yi mata sutura a can. Ya riƙe wata tsamiya a matsayin alama. Da aka zo faɗaɗa hanya aka sare tsamiyar, ya yi ta komawa yana nema, bai sake gane kabarin ba.

"Malama," ya ce da ni, "duk wanda aka sa a bayan motar nan, ita nake gani."

A ranar ya gaya mini burinsa, wanda iyalinsa ma sun sani: idan ya mutu a kai shi Haɗeja kusa da mahaifinsa, ko ɗaya daga cikin iyayen ya samu ɗansa a gefensa.

A shekararsa ta ƙarshe ciwon zuciya ya kama shi. Ƙafafunsa suka kumbura, idan ya sunkuya sai ya daɗe kafin ya ɗago. A daidai lokacin ita ma Fijo ta fara rashin riƙe sanyi. A cika ta da gas, kafin mako ya zagayo iska mai zafi take hurawa. Ya duba kwamfuresa mai tura gas ɗin, ya same ta lafiya. Ya shafe tiyo da bututun da ke gaban lagireto da kumfa, ko'ina shiru. Daga nan ya yanke cewa ɓular tana can ciki, bayan dashbod, wurin da hannu ba ya kaiwa sai an kwance gaban motar gaba ɗaya.

Mansura ta roƙe shi ya bari sai bayan Salla, ga azumi ga ciwo. Ya ce zafi ba zai jira Salla ba. Ta tambaye shi wane ne ya mutu da yake wannan gaggawa. Sai ya ce ta miƙo masa sabulu. Ran Litinin ya cire batir, ya kwance dashbod, ya jera kayan a kan tabarma bisa tsarin da ya ciro su.

Ran Talata bayan azahar aka ga ƙofar bayan motar a buɗe, takalmansa a ƙasa, tafin ƙafafunsa suna leƙowa. Duk wanda ya wuce ya san abin da ya gani: Malam Tanimu yana gwaji. Sha'aibu ma ya biyo ta nan, ya jefa masa zolayar da ya saba, bai ji amsa ba, ya ɗauka gajiyar azumi ce, ya wuce masallaci. Yana cikin sahun la'asar ya tuna cewa motar ba batir, injin bai tashi ba, babu sanyin da za a gwada. Ana sallamewa ya fito ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya same shi a miƙe, kansa a inda ake sa kai, fuskarsa tana kallon bakin tiyon da ya ja da hannunsa.

'Yan'uwansa suka bugo waya daga Haɗeja suka ce a cika masa burinsa. Sha'aibu ya ce zai mayar da batir, ya sayo ƙanƙara, ya sauke gilasai, su kama hanya a haka. Mansura ta fito ƙofar gida ta dubi motar da gabanta yake a warwatse, ta dubi rana. Ta san labarin kakarta tun tana ƙarama. Ta karɓi wayar ta yi magana da ƙanin mahaifinta.

"Baffa, ku yafe mini. Na fi so in san inda yake."

Aka binne shi a Suleja kafin a sha ruwa.

Har yau Fijo tana rumfar. Masallaci ya yi maganar kiran wani mai gyara, amma wanda ya zo ya leƙa baya, ya ce zai dawo, bai dawo ba. Mansura ta hana a taɓa tabarmar. Kusoshi suna cikin gwangwanin madara, sabulun kofi ya bushe ya tsattsage, buroshin yana tsaye a ciki. A can bayan inda dashbod yake, akwai wata siririyar mahaɗa da ya zagaye da alli. Ita kaɗai ce bai kai ga shafa wa kumfa ba.