Tsohuwa Mai Tsintar Gashi

A kasuwar Tanba, Tokuji mai aski yana kallon wata tsohuwa durƙushe a ƙofar shagonsa. Takalminta duk taɓo, hannunta na dama yatsu uku ne kacal, da su take tsince gashin da ya share tana cusawa cikin safa. Da gani, ba ta da mai taya ta noma.

"Iya, me za ki yi da shara?"

"A shingen dankalina nake ratayawa, ɗan nan. Aladun daji ba sa son warin mutum."

"Yatsun fa?"

"Su suka cinye bara."

Ta zame ɗankwali tana share gumi, sai ga kai ƙwal kwabo, duk yankan reza. Almakashi ya suɓuce wa Tokuji.

"Nawa gashin ya ƙare," in ji ta. "Gobe in dawo?"