An cire sunanka, Iwabuchi, amma me ya sa aka cire na Fumie?

Ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, aka kira ni aka ce Iwabuchi Terumasa, mataimakin kocin wasan ƙwallon besbol na jami'armu, ya faɗi a filin wasa da manjagara a hannu, bai kuma tashi ba. Ba mutuwar ta ba ni mamaki ba, Teru. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sanarwar jami'a da ta ce ka rasu kana hutawa. Yaushe ka taɓa hutawa?

Ni ne mai cafke maka ƙwallo tun muna ɗalibai, tafin hannuna ya san jifarka. A shekararmu ta uku aka sa ka yi ta jifa wasa bayan wasa har kafaɗarka ta lalace, abokin wasanmu Sakomizu ya gaji gurbinka. Ba ka yi ƙorafi ba. Ka ɗauki sanda ka koma buga wa yara ƙwallo su koyi tarewa, shekara talatin, har shi Sakomizun ya zama babban koci a kanka. Na tuna wani ɗan shekarar farko da ya haɗa kayansa zai gudu gida. Ka tare shi a tashar jirgin ƙasa, ka saya masa taliya mai zafi, ka ce, "Ci tukuna, ɗan nema. Mai gudu ma sai da ƙarfi." Tare kuka dawo.

Kai da matarka Fumie kuka riƙe gidan kwanan 'yan wasa. Ita ke dafa musu shinkafa, su kuma suna kiranta Mama. Ba ku da wani gida sai wannan, kuma da sunan aikinka aka ba ku ɗakin.

Shi ya sa na zuba ido a wurin makoki. Sakomizu ya kawo furen da ya fi na kowa girma, ya yi kukan da ya fi na kowa ƙara. Ban ce na ƙarya ba ne. Amma na ga yadda shi da wani mutumin ofishin jami'a suka yi ta leƙa kicin ɗin Fumie, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Jiya na je gidan kwanan don kunna maka turare. Ka san allon bakin ƙofa, inda kowane mazaunin gidan ke da katakon sunansa a rataye. An cire naka, wannan al'ada ce. Amma ƙusar da ke gefensa ma babu komai.

Na ce wa Fumie, "Matar yaya, ina naki?"

Ta ce, "Wai fenti za a sake masa."

"Na yara sittin duk lafiya, naki kaɗai ya koɗe?"

Ta ce, "Kai dai zauna ka ci abinci," ta juya ga tukunya. Raina ya ɓaci, Teru, har yanzu bai sauka ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka samu hutun da aka ce kana yi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Fumie, da ƙanwarka da ke Akita, da duk yaron da ya taɓa tare ƙwallonka. Jami'a kuwa, ta jira tata. Zan kai mata da ƙafata ranar da fentin ya bushe, katakon Fumie ya koma kan ƙusarsa.