Tukunyar da Matan Kura Suka Ƙi Saye

Duk lokacin da na bi ta Kura bayan an yanke shinkafa, ƙanshin shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, da ake turarawa a cikin gidaje yakan mayar da ni shekarar da Babanmu ya kusa rufe shagonsa.

Baba mai walda ne. A lokacin ina 'yar firamare, ya sayar da ɗan filinsa na noman rani da ke bakin kanal, ya sayi ƙarfe, ya ƙera manyan tukwane na turara shinkafa. Ya daɗe yana ganin matan garinmu suna fama da tsofaffin ganguna masu tsatsa, sai ya ce zai hutar da su. Tukwanen sun yi kyau, dogaye, masu kauri, kowace tana cin buhu biyu. Ya jera su a ƙofar shago. Mata suka riƙa aiko mazansu su duba, amma har sanyi ya wuce biyu kawai aka saya, ɗaya ma aka dawo da ita. A gida kuwa miya ta fara tsinkewa, Inna ta daina sa nama, Baba ya rage magana. Cewa yake mutanenmu ba sa son ci gaba.

Kakarmu, mahaifiyarsa, ita ce ba ta yarda ba. Ta yi shekara da shekaru tana wannan sana'a kafin bayanta ya hana ta. Wata safiya tana shan koko a tsakar gida ta tambaye shi ko ya taɓa kwashe shinkafa mai zafi daga tukunya. Ya ce bai taɓa ba.

"To, malam, don kanka ka ƙera ta," in ji ta. "Je ka gidan yayarka ka wuni."

Ya ji nauyin maganar, amma ya tafi, na bi shi. Gwaggo, yayar tasa, ita ce ta sayi ɗayar da ba a dawo da ita ba, don kara kawai. Ya zauna a kan turmi yana kallo. Ya ga sai ta taka dutse kafin hannunta ya kai gindin tukunyar, tururi yana dukan fuskarta. Ya ga in za a tsiyaye ruwa sai ta jira maƙwabciyarta ta zo su karkata ta tare. Ya ga ƙuna a damtsenta, sabuwa a kan tsohuwa. Ga shi kaurin ƙarfen yana cinye itacen kwana biyu a yini guda. Gwaggo ba ta yi ƙorafi ba, ta dai ce buhu ɗaya take iya shanyawa kafin rana ta yi sanyi, ba ta san me za ta yi da na biyun ba.

Muka dawo gida. Washegari ya yanke tukwanen ya gajarta su, ya sa rariya a ciki, famfo a ƙasa, da mariƙi biyu. Ya kai wa Gwaggo ta gwada, ta ce famfon yana toshewa da ɓuntu. Ya sake. Sau uku yana komawa. Kafin damina ta faɗi, har daga Bunkure ake zuwa da amalanke, kuma bayan 'yan shekaru ya sayi wani filin.

Yanzu ƙanena ke riƙe da shagon, Baba kuma idonsa ya yi rauni, sai dai ya zauna a benci. Bara wasu ɗalibai mata suka zo da zanen na'urar busar da tumatir a wayarsu, suna ta bayani rabi Hausa rabi Turanci. Ya saurara har suka gama, sannan ya tambaye su wa zai shigar da ita ɗaki in hadari ya taso, maigida ba ya nan. Suka kalli juna, suka yi sallama. Na ɗauka sun tafi ke nan. Bayan sati uku sai ga su da samfurin na'urar, sun zaga gidaje a Kadawa, sun raba na'urar gida biyu, sun sa mata taya. Baba ya shafa tayar da hannunsa, ya ce wa ƙanena ya kunna injin walda.